Yoyon Mai a Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu

Irin wannan mota tana da ma'ajin mai da yawa, watau injin, da giyabos, da akwatin raba ƙarfi, da aksil gaba da baya. Inda mai ya ɗiga ba lalle nan ne mafarinsa ba, gama iska takan kora shi baya. Saboda haka gwanin makaniki yakan wanke ƙarƙashin mota tukuna, sa'an nan ya bi sawun danshi. Man injin baƙi ne, na aksil kuwa kauri gare shi, da warin farar wuta.

Turbo, watau farfelar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa injin iska, takan wuce juyi 100,000 a minti. Famfo ke tura mata mai, amma gangara kaɗai ke mayar da shi. In bututun komawa ya toshe, sai mai ya malala cikin salansa, a ga shuɗin hayaƙi. Haka kuma in kafar numfashin aksil ta toshe, zafi yakan turo mai ta gefen robar da ke tsare shi. Wanda ya sake roba bai buɗe kafar ba, yoyo zai komo, in mai ya ƙare kuwa haƙoran giya su cinye juna.