Aikin binciken kifin shak: ina hanya ga ɗan Nijar da bai taɓa ganin teku ba?

Idan yaronku da ke lise ya ce yana son aikin binciken kifin shak, wanda ake kira requin da Faransanci, kada ku yi saurin yi masa dariya. Aiki ne na gaske, har da albashi. Sai dai ba yadda muke gani a talabijin yake ba, kuma gara iyaye su san haka tun kafin a saida tunkiya don kuɗin karatu.

Shak ya fi iri 500. Ba shi da ƙashi, guringuntsi ne a jikinsa. Ba ya zuba ƙwai dubbai kamar tarwaɗa. Da yawansu haihuwa suke yi, ƴaƴa kaɗan, wasu ma sai sun wuce shekara 10 kafin haihuwar fari. Shi ya sa in kamu ya yi yawa, ba su saurin mayar da gurbi. Wani babban bincike da ya fito a 2021 ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. Fukafukansu ake busarwa a tura Asiya don miya, naman kuma a sa masa gishiri a shanya. Ƴan uwanmu da ke ci-rani a Gana da Senegal sun san wannan kasuwa.

To mai binciken me yake yi? A gaɓar Afirka ta Yamma, yawancin aikin a kan rairayi ne, inda masunta ke sauke kifi. Tun da asuba yake tsayawa da igiyar awo da littafi: wane iri ne, tsawonsa nawa, namiji ko mace, tana da ciki ko babu. Wani lokaci ya yanko gaɓar gadon baya, don akwai zobe-zobe a ciki da ake ƙirga shekarun kifin da su, kamar na kututturen itace. Daga nan sai watanni gaban kwamfuta ana lissafi. Wanda ke gudun lissafi, ya sake tunani. Kuma sai da haƙurin zama da mutane, don masuncin da za ka ce ya rage kamu, da kifin nan yake ciyar da gidansa.

Hanyar daga gida take farawa: bak na kimiyya, sannan lisans a ilimin halittu, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Bayan nan dole a fita bakin teku. A Dakar akwai IUPA, makarantar ilimin su da kiwon kifi ta Jami'ar Cheikh Anta Diop. A Gana akwai Jami'ar Cape Coast. Cibiyoyin bincike irin su IMROP a Nuwadibu ta Muritaniya da IRHOB a Kwatano su ne wuraren neman horo. Ingilishi ya zama dole, don da shi ake rubuta yawancin binciken. A koyi iyo ma.

Gaskiyar da ba za mu ɓoye ba: gurabe kaɗan ne, da yawansu kwangila ce ta ɗan lokaci. Shawararmu, yaro ya riƙe ilimin kifi baki ɗaya, shak ya zama reshe. In teku ba ta karɓe shi ba, awon da ya koya zai yi aiki a kogin Isa, a tafkin Madarunfa ko na Tabalak.