Wasiƙar Paparoma da Murhun Daura

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, tukunyar gas ta koma lungun ɗaki a gidaje da dama na Daura, buhun gawayi ya maye gurbinta. Ana cikin haka sai ga wata magana tana yawo a majalisu da tashoshin mota, wai zancen sauyin yanayi dabara ce ta Turawa da 'yan coci don a hana mu cin moriyar man da Allah Ya ba mu. Hujjarsu ita ce ai Paparoma ya fi kowa ɗaga murya a kai.

Lalle ya ɗaga. A 2015 marigayi Paparoma Francis ya fitar da doguwar wasiƙa mai suna Laudato Si', inda ya ɗora wa mabiya ɗarikar Katolika da sauran jama'a nauyin rage almubazzaranci da makamashi. Amma masu jita-jitar ba sa faɗin cewa a watan Agustan shekarar nan malaman Musulunci daga ƙasashe daban-daban sun taru a Istanbul sun fitar da tasu sanarwar, wadda ta tunatar da ɗan Adam amanar da aka ɗora masa ta bayan ƙasa. Kuma wanda ya tsaya a taron Glasgow a 2021 ya yi alƙawarin Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa kafin 2060, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, ɗan garin nan ne, marigayi Muhammadu Buhari.

Mafi yawan faɗan da ke cikin wasiƙar Paparoman ma ba da mu ake ba, da ƙasashe masu masana'antu ake. Iskar kabon da ke riƙe zafi a sararin sama ta tashi daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin injuna zuwa sama da 420 a yau, alhali Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin kwal da mai da gas na duniya. Mutumin Baure mai ƙwan fitila biyu da wayar salula ba shi ya dumama duniya ba, kuma duk wanda ya ce masa ya rage wuta bai san inda yake zaune ba.

Sai dai inda nake jin haushi shi ne yadda muke fakewa da wannan gaskiyar mu wanke hannu daga wata ɓarnar da tamu ce ta kanmu. Kowa ka tambaya sai ya ce hamada ce ke gangarowa daga arewa. Gatari fa?

Dubi yadda ake gawayi. A sare ɗanyen itace, a jera gungume, a lulluɓe da ganye da ƙasa, a cinna wuta ta yi kwanaki tana ci a hankali, farin hayaƙi yana tsattsafowa ta kafofi. Kafin a samu kilo ɗaya na gawayi ta wannan hanya, an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace, kuma sama da rabin zafin da ke cikin itacen ya bi iska tun a daji. Tamkar mace ce ta kai mudu goma na gero surfe, aka dawo mata da huɗu, tana murna wai ya fita tas. Gaskiya ne gawayi bai cika ɗaki da hayaƙi kamar itace ba, amma dajin da ya fito ya biya kuɗin tsaftar. Murhun duwatsu uku shi ma ba kanwar lasa ba ne: a tsakar gida lokacin hunturu, harshen wuta na lasar gefen tukunya yana tserewa, abin da ke shiga girkin bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Murhun yumɓu mai rufaffen gefe yana rage itacen da ake ci sosai, kuma an taɓa yaɗa irinsa a ƙananan hukumomin yankin nan da tallafin Tarayyar Turai. Gidaje nawa ke girki da shi yau?

Ka tsallaka iyaka ta Kongolam ka nufi Matamaye da Magarya, ƙasar da ruwanta bai fi namu ba. Gonaki cike da gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'ya. Manoman Damagaram da Maraɗi sun farfaɗo da kusan kadada miliyan 5 ta hanyar sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma ana yi masa aski maimakon a ƙone shi. Cikin waɗanda suka yaɗa dabarar a Maraɗi a shekarun 1980 har da wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo. Manoma Musulmi suka karɓa, domin sun ga amfanin a rumbu.

Mu kuwa Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, amma mun fi ƙwarewa a dashen biki, a ɗauki hoto a watse, awaki su ƙarasa aikin. Injinan iska 37 na Lambar Rimi ma sun shafe sama da shekara goma ana jiran megawat 10 ɗinsu.

A 2023 aka kafa diyosis ɗin Katolika ta Katsina ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa. Mabiyansa ba su da yawa a ƙasar Daura, amma wasiƙar Paparoman tasu ce, ya kamata a fara ganin ta a harabar coci da makarantunsu, da itatuwa masu rai da farantan sola a madadin janareta. Limamanmu su ma su sa zancen a huɗuba. Masarauta kuma, da hakimai da dagatai, su tabbatar wa manomi cewa gawon da ya raina a gonarsa nasa ne, babu mai sare masa shi.