Ramin Zinariya Ya Zama Ɗakin Bincike



In kin bi ta Bompai ko Sharada ko Challawa, za ki ga masana'antu da dama a rufe, ciyawa ta cinye ƙofofinsu. Kada ki ce tasu ta ƙare. Saurari labarin wani rami a Amurka.

A garin Lead, cikin Jihar Dakota ta Kudu, akwai ramin haƙar zinariya mai suna Homestake. An fara haƙarsa a 1876, aka rufe shi a 2002. Yau kuwa masana kimiyya ne a ciki. Baƙon da aka yarje wa shiga, sai ya sa hular kwano mai fitila, ya shiga wani keji na ƙarfe, a zura shi ƙasa har ƙafa 4,850.

To, me ake nema can? Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da rana ke fesowa, ana ce musu niyutirino. Biliyoyinsu na ratsa farcenki kowace daƙiƙa, ba ki ji ba, ba ki gani ba. A bisa ƙasa sukan cuɗe da waɗansu ƙwayoyin da ke zubowa daga sama. Amma dutse kamar rariya yake, yakan tare tsakin, garin kaɗai ya wuce.

Tun ana haƙar zinariyar, wajen 1967, wani masani Raymond Davis ya cika tanki a ramin da galan 100,000 na ruwan maganin wanke tufafi, ya yi ta ƙirga 'yan ƙalilan da suka faɗa tarkonsa. Sai ya sami sulusin abin da lissafi ya nuna. Aka yi ta cewa ko ya yi kuskure. Sai a 2001 wani binciken a Kanada ya tabbatar ashe ƙwayoyin rikiɗa suke yi a hanya. A 2002 aka ba shi Kyautar Nobel. Mai haƙuri yakan dafa dutse!

Watau haƙar zinariya ta ƙare, ilmi ya raya wurin. Kangayen Kano ma masu ilmi suke jira. Iyaye mata, don Allah kada ku cire yarinya daga makaranta saboda talla. Ke kuma 'yar makaranta, riƙe lissafi da kimiyya gam.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.