Katin banki a hannun jika: amana ce, ba gado ba

A gidajenmu da dama, dattijo ba shi ke riƙe da katin bankinsa ba. Gani ya yi rauni, ƙafa ba ta jure tsayuwar layi, sai katin da lambar sirrinsa su koma hannun ɗa ko jika. Fansho, kuɗin hayar shago da na amfanin gona duk ta wannan hannu suke bi. Ta nan ne ɓarna kan kutso kai, mu kuwa mu kasa kiranta da sunanta.

Mun saba da labarin ɗan damfara na waje. Shi ne mai bugo waya da sunan ma'aikacin banki, ya ce an rufe asusu, a karanto masa BVN ko lambar da aka turo ta saƙo. Shi ne mai alƙawarin kujerar Hajji da rahusa, ko riba mai tsoka cikin wata guda, irin ta MMM da ta riƙe kuɗin 'yan Najeriya a Disamban 2016. Maganinsa sananne ne: banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, kujerar Hajji kuwa ana samunta ne ta hukumar alhazai ta jiha ko kamfanin da NAHCON ta ba lasisi.

Wanda ya fi wuyar magani shi ne na cikin gida. An aiki jika wurin mai POS ya ciro Naira 20,000, ya ciro 30,000, yana cewa ai kuɗin kaka ne. Ɗa ya sayar da gonar mahaifinsa yana raye, da hujjar cewa wata rana tasa ce. Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. Wanda aka danƙa wa kati wakili ne, kuma wakili ba ya ƙetare abin da aka sa shi. In ya ƙetare, biya ya hau kansa. Gado ba ya tabbata sai bayan mutuwa. Tsufa kaɗai ba ya raba mutum da ikon dukiyarsa. Idan hankali ya gushe, alƙali ne ke naɗa mai kula da ita, ba wanda ya fi baki a gida ba. Ko kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, ba ta kuma zartuwa ga magaji sai sauran magada sun yarda.

To, me ya rage gare mu? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Darasinta ya ishe mu: a tanadi littafi, a rubuta duk abin da aka ciro, a riƙa karanta wa dattijo saƙon banki a gaban mutum na biyu. Kada ya dangwala yatsa a takardar fili sai wanda ba shi da riba a cinikin ya fassara masa ita.

Idan kuma an riga an cuce shi, kada mu tarbe shi da faɗa. Kunya ce ke sa dattawa yin shiru, shirun nan kuwa shi ne garkuwar macuci. A hanzarta sanar da banki ya rufe asusun, sannan a kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC.

Su ne suka tsare mana abin hannunmu lokacin da ba mu san ƙidaya ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanarsu.