Yoyon gindin bututun hayaƙi: nawa gyaran zai ci muku?

Ƴan uwa manoma, kun lura da inda ɗaki yake fara yoyo? Ba safai yake farawa tsakiyar rufi ba. Wurin gami ne ruwa yake nema: inda kwano ya haɗu da bango, bakin indararo, da kuma gindin bututun hayaƙi, kamar na injin niƙa ko na tandar burodi.

Ku yi lissafin nan. Milimetir 1 na ruwan sama bisa metir kare 1, litir 1 ne. Ɗaki mai tsawon metir 5 da faɗin metir 4, in aka yi ruwa milimetir 30, litir 600 ke sauka kansa, wato tano 3. In ko kashi ɗaya cikin ɗari ya samu ƙofa, litir 6 ke nan bisa buhunanku dare guda. Hatsin da ya jiƙe yana funfuna, gujiya kuwa in ta yi funfuna guba take zama ga mutum da dabba.

A Ingila da Faransa, inda ake hura wuta cikin ɗaki saboda sanyi, tsofaffin gidaje da yawa suna da bututun bulo. A Ingila da fallen dalma suke naɗe gindinsa; a Faransa sau da yawa da farin ƙarfe irin wanda ake shafe kwano da shi. Dalma tana da taushi, tana bin tudu da kwari, tana kuma yin shekaru gomiya ba ta ruɓe ba. Kaurinta bai cika milimetir 2 ba, amma metir kare guda ya kai kilo 20. Ba su sa falle da ya wuce metir 1 da rabi, don zafi yana miƙe ta, sanyi ya tsuke ta, doguwa sai ta tsage. Abin da za mu koya gare su shi ne wannan: in sun tashi canja ta, ladan gwani da kuɗin kafa abin hawa sukan fi kuɗin dalmar kanta.

Nan ma haka ne. Guntun kwano shimfiɗaɗɗe, ƙusoshi masu hula da siminti kaɗan ba su da tsada. Kada ku yarda a sa ku sayen buhu mai kilo 50 don aikin da tiya biyu za ta isa. Ku haɗa kai da maƙwabci. Abin da ke cin kuɗi shi ne hannu: maƙerin da zai yanka kwanon daidai da zagayen bututu, da maginin da zai hau. In daga birni za su zo, ku ƙara kuɗin mota da abinci. Sai babban abu, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga rufi: katako ko azarar da ruwa ya riga ya ci. Yoyon damina ɗaya guntun kwano yake nema. Na damina uku, sai an sake itace, wani lokaci har da kan bango.

Saboda haka ku sa magini ya hau ya duba kafin ku yi ciniki, ya faɗi kuɗin kaya dabam, ladansa dabam. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku rubuta a takarda, jika nawa, dala nawa. A yi aikin cikin watan 4 ko na 5. In watan 8 ya kama, kowa neman magini yake, shi ma ya san haka.

Mutane da yawa sukan ce a shafe da siminti ko kwalta a huta. Araha ce ta ƙarya. Kwano yana motsi da rana, siminti ba ya binsa, sai ya fashe. Kwalta kuma narkewa take jikin bututu mai zafi. Aikin kirki shi ne a tura gefen sama na guntun kwanon ƙarƙashin rufi, gefen ƙasa ya hau bisa rufi, su haye juna kamar santimetir 15, yadda ruwa zai wuce bai samu baki ba. In bango ne, a sara layi mai zurfin santimetir 2 ko 3, a cusa bakin kwanon, sannan a cike. A kuma bar fili tsakanin bututu da itace saboda gobara.

Dalma fa, ku bar wa masu ita. Kada wani ya narka muku ta tsohon batir don toshe rufi ko indararo, tun da matanmu suna tarar ruwan nan su sha, su yi dahuwa. Dalma guba ce, yara ƙanana ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. A shekarar 2010, cikin jihar Zamfara maƙwabciyarmu, yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje.

Ranar da aka gama, kada ku cika kuɗi tukuna. Yaro ya hau da bokiti biyu ya zuba sama da bututun sannu sannu, ku kuna ciki da cocila kuna duba. In ɗigo ya fito, magini ya koma sama.