Zumuncin 'Yan Mazan Jiya na Jirgin Ruwan Yaƙi: Misalin Ƙungiyar Jirgin Indianapolis

Gabatarwa

Kalmar zumunci ta samo asali ne daga zumu, watau ɗan'uwa ko aboki na jiki, jam'inta kuwa zumai. Galibi idan aka ambaci zumunci, abin da ke fara zuwa a rai shi ne dangantakar jini, ko ta aure, ko ta maƙwabtaka. Amma akwai wani irin zumunci wanda shan wuya tare ne ya ƙulla shi, kuma shi ake samu a tsakanin 'yan mazan jiya, watau tsofaffin sojoji. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda tsofaffin mayaƙan ruwa suke riƙe wannan zumunci ta hanyar ƙungiya, bayan an sallame su kowa ya kama gabansa. Za a ɗauki misali guda a bi shi daki-daki, shi ne ƙungiyar waɗanda suka tsira daga jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Indianapolis, wanda aka nutsar cikin 1945, ana gab da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu.

Dalilin kafa irin wannan ƙungiya

Babban jirgin ruwan yaƙi gari ne guda. Yana da masu dafa abinci, da likita, da mai aski, da malamin addini, da masu lura da inji, da masu harba igwa. Mutum fiye da dubu za su yi wata da watanni a cikinsa, ba su ganin kowa sai junansu, kuma kowa ya san in jirgin ya halaka tare za su halaka. Sai dai wannan gari ba mai ɗorewa ba ne. Mutumin da ya bar ƙauyensu, kome daɗewa yana iya komawa ya tarar da rijiya da kukar ƙofar gari suna nan. Jirgi kuwa, in ya tsufa akan yanyanka shi a sayar da ƙarfen, in kuma abokan gaba suka nutsar da shi, shi ke nan babu wurin komawa. Bugu da ƙari, ma'aikatansa daga jihohi dabam-dabam aka tattaro su, a ƙasar da faɗinta daga gabas zuwa yamma ya kusa mil dubu uku.

Saboda haka ƙungiya ita ce take zame musu garin. Aikinta na yau da kullum ba shi da wuyar faɗa: a riƙe rajistar sunaye da adireshi, a riƙa aika takardar labarai mai sanar da wanda ya ƙaura da wanda ba shi da lafiya da wanda ya rasu, sa'an nan a sa lokaci da wuri a taru ido da ido. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma taron nan shi ne ƙafar. Ba Amurka kaɗai ke da wannan al'ada ba. A Ingila, ga misali, tsofaffin ma'aikatan jirgin Hood, wanda Jamusawa suka nutsar ran 24 ga Mayu, 1941, mutum uku tak suka tsira, sun kafa tasu ƙungiya cikin 1975.

Abin da ya sami jirgin Indianapolis

Jirgin ya tashi daga San Faransisko ran 16 ga Yuli, 1945, ɗauke da wani kaya na asiri wanda ma'aikatan ba su san ko mene ne ba. Kayan nan sassan bam ɗin atam ne, wanda daga baya aka jefa a Hiroshima. Ya sauke su a tsibirin Tinian ran 26 ga wata, ya biya ta Guam, ya tashi ran 28 ya nufi Leyte a ƙasar Filifin, shi kaɗai ba ɗan rakiya. Jim kaɗan bayan tsakar dare, ran 30 ga Yuli, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan mai lamba I-58, ƙarƙashin Kwamanda Mochitsura Hashimoto, ya harbo masa nakiyoyi shida irin masu gudu cikin ruwa. Biyu suka same shi. Cikin minti 12 ya nutse.

Mutum 1,195 ne a ciki. Kimanin 300 suka tafi ƙasa tare da jirgin, saura kusan 900 suka sami kansu a tsakiyar teku, yawancinsu ba su da kome sai rigar hana nutsewa. A Leyte kuwa ba wanda ya kai rahoton cewa jirgin bai iso ba, don haka ba a fita nemansu ba. Suka kwana huɗu a ruwa. Rana ta gasa su, sanyin dare ya kama su, ƙishirwa ta sa waɗansu suka sha ruwan gishiri hankalinsu ya gushe, ga kuma kifin nan mai cin mutane da ake kira shak yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ran 2 ga Agusta wani matuƙin jirgin sama, Laftanar Wilbur Gwinn, yana sintiri ya hango su bisa tsautsayi. Wani matuƙin, Laftanar Adrian Marks, ya saukar da jirginsa a kan teku ya tsamo fiye da mutum 50 kafin jiragen ruwa su iso. Waɗanda suka rayu 316 ne, waɗanda suka mutu 879. Hukuma ba ta sanar da jama'a ba sai a tsakiyar Agusta, daidai lokacin da aka ba da labarin Japan ta miƙa wuya, sai murnar ƙarewar yaƙi ta danne labarin.

Shari'ar kyaftin

Shugaban jirgin, Kyaftin Charles McVay na Uku, yana cikin waɗanda suka tsira. Cikin Disamba, 1945, aka gurfanar da shi gaban kotun soja a Washinton bisa tuhuma biyu. Ta farko, wai ya yi jinkirin ba da umarnin a bar jirgin. Wannan an wanke shi. Ta biyu, wai ya jefa jirgin cikin hatsari domin bai riƙa tafiya yana karkacewa dama da hagu ba, watau dabarar da ake yi don a ruɗa mai harbi. A kan wannan aka same shi da laifi.

Akwai abubuwa da suka sa mutanensa ba su taɓa yarda da wannan hukunci ba. Umarnin da aka ba shi ya bar masa zaɓin karkacewa ko rashinta gwargwadon yadda ya ga hali. Ba a kuma gaya masa abin da manyansa suka sani game da jiragen ƙarƙashin ruwa na Japan da ke yankin ba. Daɗin daɗawa, an kawo Hashimoto kansa ya ba da shaida, ya kuma nuna cewa ko da jirgin yana karkacewa, da ya same shi. Cikin 1946 aka ɗage masa horon, amma laifin yana nan a rubuce. Ya yi ritaya cikin 1949. Shekara da shekaru iyalan waɗansu mamata suna aiko masa da wasiƙun zargi, har ya kashe kansa ran 6 ga Nuwamba, 1968, yana da shekara 70.

Taron farko

Shekara 15 mutanen nan suna warwatse. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa ba matansu ko 'ya'yansu labarin abin da suka gani ba. A zamanin ba a san ciwon firgita na bayan yaƙi da sunan da likitoci suka ba shi daga baya ba, kowa sai ya haɗiye abinsa. Cikin 1958 wani ɗan jarida, Richard Newcomb, ya buga littafi a kan nutsewar jirgin, wannan ya ta da tsohon miki, ya kuma ta da marmarin ganin juna. Ɗaya daga cikinsu, Giles McCoy, ya ɗauki nauyin nemo sauran, aka yi taron farko cikin 1960 a birnin Indianapolis na jihar Indiana, birnin da jirgin ya ci sunansa. McVay ya halarta, mutanensa kuwa suka karɓe shi da girmamawa irin ta shugaba.

Da farko duk shekara biyar ake taruwa. Da tsufa ya kama, mutuwa ta fara yi musu ɗauki ɗai-ɗai, sai aka rage tazarar har ta koma shekara-shekara, a ƙarshen Yuli, lokacin da abin ya faru.

Amfanin farko da taron ya yi shi ne ya ba mutum wurin da zai yi magana a gane shi ba sai ya yi dogon bayani ba. Wanda ya kwana huɗu cikin ruwa yana kallon abokinsa na mutuwa, ba ya bukatar ya gamsar da wanda suka kwana tare cewa abin ya faru. Amfani na biyu ya shafi iyalan mamata. Mutanen da teku ta ci ba su da kabari. Uwa ko ƙane ko ɗa da ke son sanin yadda nasa ya cika, ba shi da wanda zai tambaya sai waɗanda suke kusa da shi a ruwa. Taron ya zama wurin wannan tambaya.

Ayyukan da ƙungiyar ta kammala

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, ƙungiyar ta yi shi ta fuska biyu.

Na farko, ta tara kuɗi aka gina dutsen tunawa a bakin wata hanyar ruwa cikin birnin Indianapolis, aka sassaƙa sunayen ma'aikatan jirgin a jikinsa, aka buɗe shi ran 2 ga Agusta, 1995, shekara 50 cif bayan ranar da aka hango su. Da wannan iyalai suka sami wurin da za su tsaya su taɓa sunan nasu.

Na biyu, wanke sunan kyaftin. Wannan ya ɗauki shekara 40, kuma taimako ya zo ta inda ba a zata ba. Wani fim mai suna Jaws, na 1975, yana da wani wuri inda ake ba da labarin jirgin. Wajen 1996 wani ɗan makaranta daga Pensacola ta jihar Florida, Hunter Scott, wanda bai wuce shekara 12 ba, ya kalli fim ɗin, ya ɗauki batun ya zama aikinsa na gasar tarihi. Ya rubuta wa waɗanda suka tsira, suka ba shi amsa, suka aiko masa da takardu da hotuna. A nan ya kamata a lura da abu guda: da ba su riƙe juna ba tun 1960, da yaron bai sami mutanen da zai tambaya ba, balle ya tarar da bakinsu ɗaya. Kyaftin William Toti, shugaban wani jirgin ƙarƙashin ruwa da ya gaji sunan Indianapolis, shi ma ya sa hannu. Cikin Satumba, 1999, wani kwamiti na Majalisar Dattijai ya saurari shaida, Hashimoto kuma ya rubuto wa shugaban kwamitin, Sanata John Warner, yana goyon bayan a wanke McVay. Cikin Oktoba, 2000, Majalisar Dokoki ta zartar da ƙudurin wanke shi, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu. Cikin Yuli, 2001, Sakataren Mayaƙan Ruwa, Gordon England, ya ba da umarni a shigar da wannan cikin fayil ɗinsa. An yi haka ne shekara 32 da ɗoriya bayan mutuwarsa.

Faɗaɗar zumuncin

Abin sha'awa game da wannan ƙungiya shi ne yadda da'irarta ta yi ta buɗewa. An fara da waɗanda suka tsira. Sa'an nan aka jawo waɗanda suka cece su, har Adrian Marks ya riƙa yin jawabi a tarurrukansu. Aka jawo iyalan mamata, waɗanda a dā waɗansunsu suke ganin laifin kyaftin. Aka kuma riƙa ba waɗanda suka yi wa ƙungiyar hidima matsayin 'yan ƙungiya na girmamawa. Ƙarshenta zumuncin ya kai har ga abokin gaba. Cikin Disamba, 1990, Hashimoto, wanda ya zama malamin addinin Shinto a ƙarshen rayuwarsa, ya sadu da waɗansu daga cikinsu a Pearl Harbor, suka yi addu'a tare domin mamatan. Ya rasu cikin Oktoba, 2000, daga baya kuma zuriyarsa suka riƙa halartar taron Indianapolis ana karɓarsu.

Matsalar magada

Kowace ƙungiyar 'yan mazan jiya tana da wata matsala da sauran ƙungiyoyi ba su da ita: ba ta iya ɗaukar sababbin mutane. Ba wanda zai sake zama ma'aikacin jirgin da ke ƙarƙashin teku. Kullum raguwa take yi. Saboda haka tilas ta zaɓi ɗayan biyu, ko ta mutu tare da mutuminta na ƙarshe, ko ta miƙa amanar ga wasu. Mutanen Indianapolis sun zaɓi na biyu. 'Ya'ya da jikoki, na waɗanda suka tsira da na mamata da na masu ceto, suka kafa ƙungiyar magada domin ta riƙe rajista da takardu, ta ci gaba da shirya taro, ta kuma ilimantar da 'yan makaranta.

Tsofaffin da suka yi tsawon rai sun ga abubuwa uku kafin su tafi. Ran 19 ga Agusta, 2017, wani jirgin bincike na attajirin nan Paul Allen ya gano gawar jirgin a ƙasan Tekun Filifin, a zurfin mita 5,500. Cikin 2018 masana tarihi suka warware wata tsohuwar gardama, ko 316 ne suka tsira ko 317, da aka gane cewa akwai mutum ɗaya da sunansa ya saura a rajista alhali ya sauka kafin jirgin ya tashi. Cikin Yuli, 2020, Majalisar Dokoki ta miƙa wa ma'aikatan jirgin lambarta ta zinariya, amma saboda annobar korona ta intanet aka yi bikin, a lokacin kuwa waɗanda suka rage ba su kai goma ba. Zuwa ƙarshen 2022 mutum ɗaya ya rage.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa ƙungiyar 'yan mazan jiya na jirgin ruwa takan fara ne da ƙaramin abu, watau rajistar adireshi da wasiƙa da taron kwana biyu ko uku. Amma ta wannan ƙaramin abu ne mutanen Indianapolis suka sami inda za su sauke abin da ya daɗe yana cin ransu, iyalan mutum 879 suka sami wanda za su tambaya da wurin da za su ziyarta, aka kuma gyara hukuncin da hukuma ta yanke tun 1945. Abin lura ga duk mai nazarin tarihin soja, a kowace ƙasa, shi ne cewa shaidar waɗanda suka ga abu da idonsu tana da wa'adi. In an tattara ta tun suna raye, aka kuma sami magada masu riƙon amana, za ta yi amfani har bayan ransu. In an yi sakaci, kowane tsoho da aka binne yakan tafi da nasa kason.