Iskar Taya: Darasi Daga Ƙaramar Motar Tsere Zuwa Lungunan Limancin Kona

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA: Yau mun yada zango a Limancin Kona, cikin ganuwar birnin Zariya, unguwar malamai da karatun zaure, wadda limaminta yake cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau. Batun da muke tafe da shi kuwa na bakin titi ne: iskar da ake ɗura wa taya. Nawa ya kamata a sa, kuma wa ke da ikon faɗa? Ku biyo mu.

(SAUTI: INJIN MAI FACI NA ƘUGI, ISKA NA FITA DAGA BAWUL)

MAI GABATARWA: Duk wanda ke fita daga birni ta Ƙofar Kona ko Ƙofar Doka ya san wannan ƙara. Mai faci na zaune ƙarƙashin rumfa, ga injin iska, ga rabin tsohon duro cike da ruwa inda ake tsoma tib a nemi huji, ga geji rataye da igiya. Mai mota ya tsaya, ya leƙo ta taga.

"Malam, a ɗan ƙara mini iska."

"To, Alhaji. Nawa za a sa?"

"Kai dai cika ta sosai, Kaduna za ni."

A nan cinikin yake ƙarewa. Mai faci ya ɗura 45 ko 50, ya bubbugi gefen tayar da ƙarfe, ya ji ta yi tauri, ya ce Allah ya tsare. Haka za a yi wa Corolla, haka za a yi wa Golf, haka za a yi wa ƙaramar motar da uwargida ke kai yara makaranta. Lamba ɗaya ga kowa, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Don mu gane inda matsalar take, bari mu leƙa Ingila. A 1957 wani injiniya mai suna Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya fito da wata 'yar mota mai kujera biyu da ya kira Seven. Ra'ayinsa shi ne a rage wa mota nauyi maimakon a ƙara mata girman inji. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau yana ƙerawa. Nauyinta kilo 500 ne da 'yan kai, wato ƙasa da rabin nauyin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Mota ce ta gudu da shan kwana, ana hawanta a titi, ana kuma shiga filin tsere da ita.

To, iska nawa kuke jin ake sa wa tayar motar da aka yi domin gudu? Kusan 18 a ma'aunin PSI, ma'aunin da gejin masu facinmu ke nunawa. Idan aka kawo ta bakin Ƙofar Doka da wannan iska, mai faci zai ce tayar ta sace. Amma masu ita suna lura da iskar nan ƙwarai, har ƙarin lamba ɗaya ko biyu sukan ji shi a sitiyari.

(KIƊA KAƊAN)

MAI GABATARWA: Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da mota, roba kuwa rumbunta ce. Kuma a ƙaramar mota, wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Birki, kwana, tashi da tsayawa, duk ta wannan ɗan fili suke bi. Faɗinsa kuwa abu biyu ke yanke shi: nauyin da ke kan tayar da yawan iskar da ke cikinta. Nauyi na danna ta ƙasa tana bajewa, iska na tokare ta tana tsukewa.

Mu yi lissafi a ƙiyasce. Mota mai kilo 1,200, kowace taya na ɗauke da kilo 300. Da iska 30, filin da take takawa zai kai kimanin santimita murabba'i 140. Ita kuwa Seven, har da direbanta, kowace taya ba ta ɗauke da fiye da kilo 160. Da iska 18 sai ta sami fili kusa da wancan. Amma a ɗura mata 40, filin zai tsuke ya koma ƙasa da rabi. Sai motar ta riƙa tsalle a gargada, ta riƙa zamewa a kwana, a taka birki ta ja taya. Shi ya sa mota maras nauyi take son iska kaɗan, mai nauyi take son da yawa, tirela kuma takan sha 100 ko fiye.

Masu tsere ba sa tsayawa ga zato. Suna farawa da lambar da kamfani ya ba da, su zagaya fili sau da yawa, su tsaya, nan take su auna zafin tayar a wuri uku: gefen ciki, tsakiya da gefen waje. Idan tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Idan gefe da gefe suka fi zafi, ta yi kaɗan. Wasu kan goga alli a kafaɗar tayar, su ga iya inda kwalta ta share shi. Sannan su canza lamba ɗaya tak, su sake gwadawa, su rubuta a littafi.

Mu ba mu da filin tsere, amma tayarmu na ba mu irin wannan labari idan muka duba. Ka durƙusa gaban motarka, ka murɗa sitiyari gefe guda, ka shafa zanen tayar da hannu. In tsakiya ta suɗe gefuna na nan da zanensu, ka daɗe kana cika mata iska. In gefunan biyu ne suka cinye tsakiya na nan, ka daɗe kana tafiya da ƙarancinta. In kuwa gefe ɗaya ne kawai ya ci, wannan aikin masu saita ƙafa ne, ba na mai faci ba.

(SAUTI: BABUR DA KEKE NAPEP NA WUCEWA, ANA HON)

MAI GABATARWA: Lungunan Limancin Kona matsattsu ne, abin hawan da ya fi ratsa su shi ne babur da Keke Napep. Su ne marasa nauyinmu, kuma su wannan darasi ya fi shafa. Littafin ƙananan baburan Bajaj yakan ba da kusan 25 a gaba, 28 a baya idan mutum ɗaya ne, 32 idan da goyo. Amma ɗan acaɓa da zai ɗauki fasinja da buhun masara yakan ce a cika ta ta yi tauri. Idan ya sauke lodin, yana nan da iskar lodi a babur maras kaya. Ya zo kwana inda yashi ya kwanta bakin kwata, ya taɓa birkin gaba, sai ka ji an ce babur ya kwashe shi. Mutane su ce tsautsayi. Tsautsayi gaskiya ne, amma akwai sababi, kuma wannan sababin ana iya kauce masa.

Masu cika iska suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa na neman inda zai rage shan fetur, kuma gaskiya ne taya mai tauri ta fi saurin gangarawa. Sai dai ribar 'yar kaɗan ce. Ƙiyasin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka shi ne, raguwar lamba 5 a dukkan tayoyi na ƙara shan mai da kusan kashi 1 cikin 100. Wato wanda iskarsa ta gaza ya cike ta zuwa daidai, ya yi riba. Wanda ya zarce daidai da 15 kuwa, ɗan abin da ya tsira da shi a gidan mai zai biya shi a kuɗin taya da na shoka, in ma abin ya tsaya nan. Taya mai tsananin tauri ba ta lanƙwasa idan ta faɗa rami, zarenta na ciki ne ke tsinkewa, gobe ka ga ƙulu ya fito a gefenta.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ce to bari ya sace iskar motarsa. Ƙarancin iska ya fi yawanta haɗari a doguwar hanya. Tayar da ba ta ƙoshi ba, gefenta na lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Wannan motsi na haifar da zafi, zafin na raba roba da wayar da ke cikinta, har bayan tayar ya ɓare ana cikin gudu. Duniya ta ga haka a shekarar 2000. Kamfanin Ford ya ba da 26 ga motarsa Explorer, kamfanin taya na Firestone kuma daga baya ya ce 30 ya fi dacewa. Tayoyin sun yi ta ɓarewa, musamman a wurare masu zafi, har da Saudiyya da Benezuwela. A watan Agustan shekarar aka janye taya miliyan 6 da rabi, kuma mutum fiye da 200 aka danganta rasuwarsu da lamarin a Amurka. Kamfanonin biyu sun yi ta ɗora wa juna laifi kan ingancin tayar da kuma iskar, amma majalisar ƙasar ta yi doka, kuma daga 2007 duk sabuwar ƙaramar mota a can sai da na'urar da ke kunna fitila idan iska ta ragu. Motocinmu na Beljiyam da yawa suna da wannan fitila a gaban direba. Idan ta kama, a auna taya, kada a nemi mai waya ya kashe ta.

Nan gida ma ba mu manta ba. Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe ana cikin tafiya. Hanyar nan ita muke bi idan za mu Abuja daga Zariya.

(KIƊA KAƊAN)

MAI GABATARWA: To ina lambar gaskiya take? A unguwa irin ta Kona, idan mutum ya ba da fatawa akan tambaye shi a wane littafi ya gani. Mota ma tana da nata rubutaccen hukunci. Ka buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa, za ka ga 'yar takarda manne. A wasu motocin tana cikin murfin tankin mai. Tana nuna iskar gaba da ta baya, da kaya da babu kaya. Ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Idan an rubuta da ma'aunin bar, bar 1 daidai yake da PSI 14 da rabi, don haka 2.2 na nufin kusan 32. Lambar da ke jikin tayar kanta, 44 ko 51, iyaka ce da masu taya suka ce kada a wuce. Mutane da yawa ita suke karantawa su ɗauka umarni ne.

Sai lokacin awo. Iska na kumbura da zafi: duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salsiyos na ƙara kusan lamba ɗaya. A hunturun Zariya, tsakanin sanyin asuba da zafin azahar tayarka na iya bambanta da lamba 3 ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Gudu a kwalta kuma na ƙara 4 zuwa 6. Lambar da ke jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce, wadda ta huta awa 3 ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 2 ba. Saboda haka a auna da safe, wurin mai facin da ya fi kusa da gida. Direban da ya taso daga Kano ya tsaya Kwangila da rana tsaka, ya auna ya ga 38 maimakon 33, kada ya sace. Ƙarin nan na zafi ne, an yi lissafinsa tun a masana'anta. In ya rage, idan tayar ta huce za ta koma ƙasa da ƙima.

Ko lafiyayyar taya tana rasa kusan lamba ɗaya a wata, don haka awo sau ɗaya a wata shi ne mafi ƙaranci, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, har da safaya. Mai sayen tayar gwanjo kuma ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar roba ba ta jure kuskuren iska kamar sabuwa.

Kira na musamman ga 'yan'uwanmu masu faci, domin rayukan mutane na bi ta hannunku kullum. Geji na tsufa, yana faɗuwa ƙasa, yana cin ƙura, sai ya fara ƙarya. Ku riƙa gwada naku da na maƙwabci lokaci zuwa lokaci, in sun saɓa a nemi na uku. Idan mai mota ya ce a cika, ku ce masa, "Ranka ya daɗe, bari mu duba ƙofa." A Zariya muke da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya a hanyar Basawa, ga jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu faci. Horon yini guda kan karanta takardar ƙofa da gwada geji ba zai gagare su ba, kuma muna roƙon su yi shi.

Kai kuma mai mota, mai babur, mai keke, ka nemi lambarka yau, ka rubuta ta inda ba za ka manta ba, ka sayi ɗan gejinka ka ajiye. Gobe da safe kafin ka ɗauki hanya, ka auna.

(KIƊAN RUFE SHIRI YA FARA A ƘASA)

MAI GABATARWA: Iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan daga Limancin Kona a birnin Zazzau. Allah ya tsare hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.

(KIƊA YA ƊAGA, YA ƘARE)